Ƙaura daga Marwa zuwa Yawunde da iyali: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Domayo, cikin Marwa. Maigidana ya buɗe shago a Yawunde, ya ce in koma can in riƙe masa. Ina da mata da yara huɗu, uku suna makaranta, ga mahaifiyata tsohuwa a hannuna. Ban taɓa wuce Ngaundare ba. Wace mota zan nema, me zan ɗauka, me zan bari?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya sa alheri ne ya kira ka, ɗan'uwa, Ya ƙara wa Inna lafiya. Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina kamasho a tashar manyan motoci, farko a Garwa, daga baya a Ngaundare, kuma ban san adadin kayan gidan da na ɗora zuwa kudu ba. Ka ajiye batun mota tukuna. Kowa da ita yake fara tambaya, alhali ita ce mai sauƙin a ciki. Abin da na ga yana wahalar da mutane shi ne son tashin gida gaba ɗaya, rana ɗaya, mota ɗaya. Tsakanin Marwa da Yawunde ta kwalta ya haura kilomita 1,300, ka ratsa jiha biyar: Arewa Mai Nisa, Arewa, Adamawa, Gabas, sannan Tsakiya. Tafiya irin wannan rabawa ake yi. Kai ka fara zuwa, kaya su bi tasu hanyar, iyali su zo a ƙarshe.

Ka tafi kai kaɗai ka yi ko da wata guda. Zuwa da kai ya fi aike, balle a batun gidan haya. Yawancin mutanenmu a Briqueterie suke fara sauka, unguwar Hausawa tun zamanin Turawa, kuma ba laifi: akwai masallaci kusa, akwai mahauci, akwai wanda zai ji maganar Inna idan ta fito ƙofar gida. Amma unguwar a cushe take, ɗakunan ƙanana ne, irin tsakar gidan da iyalinka suka saba da shi a Domayo da wuya ka samu. Ka duba Tsinga da kewayenta, ka duba wajen Etoudi, ka auna da nisan shagon. Yawunde garin tuddai ne, ba shimfiɗaɗɗe kamar Marwa ba. Gidan da ka ga kuɗinsa ya faɗi ƙwarai, ka tambayi dalili. Galibi ko a kwari yake, irin wuraren da 'yan garin ke kira elobi, wato fadama, inda ruwa ke shiga ɗaki da damina, ko kuwa a gefen tudu mai zaizaya. Zaftarewar ƙasar Mbankolo ta watan Oktoba 2023 ba ta yi nisa ba da za a manta. Ka dubi gindin bango: idan ka ga layin danshi ya kai gwiwa, ruwa ne ya rubuta maka tarihin gidan. Ka ƙirga matakalar da Inna za ta hau kullum. Ka buɗe famfo da hannunka. Ka tambaya ko mitar wuta taka ce kai kaɗai ko ta taron gida ce, domin rabon kuɗin wuta shi ne mafarin yawancin faɗan 'yan haya. Mai gida zai nemi kuɗin watanni a gaba, da kuɗin ajiya, dillali ma zai nemi nasa. Kada ka tura ko sisi ta waya a kan gidan da ba ka taka ba, kuma duk abin da ka biya a rubuta, mai gidan da kansa ya sa hannu.

Idan gida ya samu, sai a tsayar da rana. Abu biyu ne ke tsayar da ita, makaranta da ruwan sama. Makarantu suna buɗewa farkon Satumba, su rufe a Yuni. Daminar Marwa ɗaya ce, daga Yuni zuwa Satumba. Yawunde kuwa biyu gare ta: ɗaya daga Maris zuwa Yuni, babbar kuma daga Satumba zuwa Nuwamba, a tsakaninsu ruwa yana ɗan tsagaitawa a Yuli da farkon Agusta. Saboda haka ni Yuli nake zaɓa wa mai 'yan makaranta. Za ka yi lodi a ƙarƙashin hadari a Marwa, gaskiya ne, amma za ka sauke a lokacin da Yawunde ta ɗan sarara, kuma kana da makonni na yawon neman gurbi kafin a buɗe. Wanda ya bari sai ƙarshen Agusta zai haɗu da cunkoson masu komawa makaranta a mota da jirgi, ya isa ya tarar azuzuwa sun cika. Ɗaya lokacin shi ne hutun Disamba, sama a bushe a nan da can, sai dai ka yanke wa yara shekara a tsakiya. Idan a cikinsu akwai mai rubuta CEP ko BEPC, wato jarrabawar gama firamare ko ta ƙaramar sakandare, a shekarar, to ka bar shi wajen kawunsa ko gwaggonsa ya gama, domin a inda aka rubuta sunansa a can zai zauna jarrabawa. Ka kuma kauce wa makon Sallah, ƙarama ko babba. Ana gab da layya motocin kudu raguna da shanu suke nema, ba gadonka ba.

Takardu kuwa, tun kana Marwa za ka gama da su, domin su ne abin da idan ka manta sai ka sake biyan kuɗin mota zuwa da dawowa. Takardar haihuwar kowane yaro tana da tushe a ofishin magajin garin da aka rubuta ta, ba a Yawunde ba. Ka duba sunaye da ranaku harafi-harafi, in akwai kuskure a fara gyara yanzu. Yaron da ba shi da ita, a nema masa hukuncin kotu da ake kira jugement supplétif tun ana kusa da asibitin da aka haife shi da shaidun da suka san haihuwarsa. Ka yi kwafi da yawa a buga musu hatimi. Tambarin gwamnati da ake mannawa ya koma sefa 1,500 tun 2023, ka sa shi a lissafi. Daga makaranta ka karɓi sakamakon zangon karatu duka na shekarar, da takardar shaidar cewa yaron ɗalibinsu ne, da ta barin makaranta. Katin rigakafin ƙananan, littafin asibitin Inna da sunayen magungunanta, da maganin wata biyu a hannu. Katin shaidar ɗan ƙasa na kowane babba, har Inna, domin a shingen jandarma ba a duba furfura. Takardar casier judiciaire, wadda ke nuna ko kotu ta taɓa kama mutum da laifi, daga kotun garin haihuwarsa ake karɓarta, amma wata uku kawai take aiki, sai ka karɓa idan ka san za a nema nan kusa. Duk waɗannan a jaka ɗaya, a leda, a jikinka, ban da katin shaida da maganin Inna da za su zauna a hannun masu su. Ka ɗauki hotonsu a waya. Ko takarda ɗaya kada ta shiga motar kaya.

To, me za a ɗauka? A nan ake samun saɓani a cikin gida, don haka ka zauna da uwargida tun da wuri. Kayan ɗakinta nata ne, iyayenta suka yi mata, ba ka da ikon sayar da ko cokali sai da yardarta. Amma ka nuna mata lissafin. Katako daga kudu yake zuwa mana. Wanda ya ɗauki gado da kabad daga Marwa ya kai Yawunde kamar wanda ya ɗauko albasa daga Yawunde ne ya kawo kasuwar Marwa. Kabad ɗin nan na garin katako da ake mannawa, masu ƙyalli, ba sa jure girgizar hanyar Garwa zuwa Ngaundare, wanda ya tsira kuma danshi ya kumbura shi. Randa da tulu a bar wa maƙwabta. Na'urar sanyaya ɗaki a sayar a Marwa inda zafin Afrilu ke haura digiri 40 kuma take da daraja. A Yawunde fanka ma wani lokaci kashe ta ake yi da dare. Abin da ya cancanci kuɗin mota shi ne keken ɗinki, firji idan mai kyau ne, katifu, darduma, tukwane da kwanuka, sutura, littattafai, da kayan sana'a. Tukunyar gas a tafi da ita babu komai a ciki, kuma ka lura da sunan kamfanin da ke jikinta, domin da irinta ake musanyawa.

Abinci a ɗauka, amma da hankali. Mutanen kudu rogo da ayaba da makabo, wani irin gwaza, suke ci, gero da dawa a can baƙi ne, kuɗinsu ba na gida ba ne. Ka tafi da muskuwari, dawar nan ta rani, ko gero na wata biyu zuwa uku, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da yakuwa. Kada ka wuce haka. Ruwan da ke sauka a Yawunde a shekara ya kusa ninka na Marwa, iskar a jiƙe take, hatsin da zai shekara lafiya a rumbun Marwa a can ƙwari da fumfuna za su raba shi kafin ku kai rabi. A zuba a jarka ko bokiti mai murfi, a ɗaga daga ƙasa. Haka takalman fata da shaddar da ke ƙasan akwati: a riƙa fito da su suna shan rana.

Babur fa? Idan takardunsa cikakku ne, da katin mallaka da shaidar biyan kuɗin duwan, wato kwastan, a ɗora shi, a tsiyaye man. Idan irin wanda ya shigo ta kan iyaka ne ba takarda, ka sayar da shi a inda ka saye shi. Babur ɗaya zai iya tsayar da motar kaya yini guda a shingen duwan, direba kuma ba zai yafe maka ba. Haka talabijin ko janareta da ke cikin kwalinsa sabo: a haɗa da rasit. Tumaki da awaki sai da takardar likitan dabbobi, kuma ina za ka ɗaure su a gidan haya? A bar wa dangi kiwo.

Yanzu mu zo kan motar. Sirrin hanyar nan shi ne kaya daga kudu suke hawowa. Tirela tana tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Duwala, ko ta yi lodi a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare, ta kai shinkafa da fulawa da ƙarfe Marwa, Kusiri, har Injamena. A dawowa sai ta samu albasa, gyaɗa, auduga ko dabbobi, in ba ta samu ba ta dawo wayam tana ƙona mai. Mai ƙaura zuwa kudu yana da wannan sa'ar: ba hayar mota za ka yi ba, gurbi za ka saya a motar da dama komawa za ta yi. Da rani, lokacin da albasar Marwa ke fita, gurbin yana tsada. Da damina direba shi ke neman ka. Ka je tashar manyan motoci da wanda aka sani a wurin, ka ji farashi daga bakin mutum uku, kada ka nuna gaggawa. Idan bayan tacewa kayan naka ba su wuce buhu goma zuwa sha biyar da 'yan kwalaye ba, ka ma manta da tirela, ka kai su sashen aika kaya na kamfanonin bas irin su Touristique Express ko Danay Express, a auna, a ba ka rasit, ka karɓa a can.

Araha fa ba ta ado. Kafin ka yarda da mota, ka tambayi abin da za a haɗa kayanka da shi. Katifar da ta kwana uku a kan buhun busasshen kifi ko albasa ta gama aure da warin. Motar da ta sauke siminti ko ta ɗauki shanu, a wanke ta a shimfiɗa leda. Ka sa a buɗe tampol ɗin a rana, ka shiga ƙarƙashinsa ka ɗaga kai: duk inda haske ya shigo, nan ruwa zai shigo. Ka dubi tayoyi, domin akwai hawan dutsen nan tsakanin Mbe da Ngaundare da direbobi ke kira falez, inda motar da ba ta da lafiya take tona asirin kanta. Sannan tambayar da ta fi duka: motar nan ita za ta shiga Yawunde da kanta, ko a hanya za a juye kayan a wata? Na taɓa haɗa wani malamin makaranta da direban da ban sani sosai ba, don ya yi sauƙi. Da ya isa Bertuwa ya samu lodin katako mai tsoka, sai ya sauke kayan bawan Allah a bakin wani shago, ya ce wani abokinsa zai ƙarasa da su. Kwana tara suka yi a wurin, ruwa ya daki littattafansa. Kuɗin na biya daga aljihuna, kunyar kuwa har yau ina jin ta. Tun ranar ban ƙara ɗora kayan gida ba sai na yi magana da mai motar, ba direba kaɗai ba.

Saboda haka a rubuta. Takarda ɗaya ta isa: sunan direba, lambar mota, lambar wayar mai ita, jimillar kuɗi, unguwar da za a sauke, da cewa kuɗin hanya duka a wuyan direba yake. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci. Kowace ƙofar peyaji, inda ake biyan kuɗin bin hanya, sefa 500 ce, ga ma'aunin nauyi, ga shingaye. In ba a faɗa tun farko ba, waya za ta riƙa tashinka da dare ana cewa an tsare mota a Maiganga, a turo wani abu. Ka ɗauki hoton katin direba da takardar motar da ita motar kanta. Ka biya rabi ko ƙasa da haka, na mai, sauran sai kaya sun sauka an ƙirga. Kowane buhu da kwali a rubuta masa lamba da lambar wayarka da babban alƙalami, a yi jerin abin da ke ciki kwafi biyu, ɗaya wurin direba don nuna wa masu bincike, ɗaya wurinka. Idan kana da ƙane ko ɗan ɗan'uwa mai hankali, ka sa shi a motar ya bi kayan. Abincinsa na kwana huɗu ya fi maka arha a kan firji guda.

Wajen lodi kada ka bar wa yaran mota su kaɗai. Masu nauyi a ƙasa, can gaba kusa da kan mota inda girgiza ba ta da yawa. Firji a tsaye, a ɗaure, idan ya isa a bar shi ya huta yini kafin a kunna. Kwanukan tangaran a naɗe su da zannuwa a cusa cikin manyan tukwane. Katifu a leda biyu, su ne a sama. Kan keken ɗinki a cire shi daga teburinsa. Zinaren uwargida da kuɗi ba sa shiga nan ko kusa.

Iyali kuma jirgin ƙasa na fi so musu, saboda Inna. Bas yana yin tafiyar a kwana da yini ta Garwa-Bulai da Bertuwa da Abong-Mbang, matashi zai jure, tsohuwa ƙafafunta za su kumbura. Jirgin daga Ngaundare yake tashi, don haka sai an fara shiga mota zuwa can. Daga Marwa zuwa Garwa kilomita 210 ne ko kusa da haka, daga Garwa zuwa Ngaundare wajen 280, amma wannan kashi na biyun ramukansa sun sa ba a yi masa alkawarin awa. Kada su ce za su taso da asuba su kama jirgin yamma a ranar. Su tafi da rana, su kwana a Ngaundare, washegari su shiga a natse. Tafiyar dare a dajin nan ban taɓa ba mai iyali shawararta ba. Ngaundare tana kan tudu sama da mita 1,000, da dare akwai sanyi ko da damina, a fito da bargo da rigunan sanyin yara daga cikin kaya tun a gida. Layin dogon ya iso Ngaundare a 1974, tsawonsa zuwa Yawunde ya ɗan haura kilomita 600, Camrail ke tafiyar da shi tun 1999. Jirgin fasinja da yamma yake tashi, ya bi ta Ngaundal da Belabo da Nanga-Eboko, ya wayi gari a hanya. Akwai ɗaki mai gado biyu da mai gado huɗu. Mai huɗun ya dace da su, Inna a gadon ƙasa. Gadajen suna ƙarewa da wuri, don haka ka sa wani ya je tasha ya tabbatar da ranar tashi ya yanki tikiti kwanaki kafin su iso. A riƙe ruwan sha, buta, dambu ko soyayyen nama, da maganin Inna a jakar hannu. Mai hali yana iya ɗora ta a jirgin sama daga Salak, filin jirgin Marwa, tare da jika ɗaya, sauran su bi ƙasa.

Kuɗin tafiya kada ka ɗaure su a ƙugu. Ka zuba a Orange Money ko MTN Mobile Money, ka riƙe na hanya kawai da canji ƙanana. Bayan ka gama lissafin haya da mota da tikiti da rajistar makaranta da sabbin rigunanta, ka ware abin da zai ciyar da gidan wata biyu ba tare da ka taɓa kuɗin shagon maigidanka ba. Baƙo a kasuwar Mokolo ta Yawunde farashin baƙo ake ba shi, har sai uwargida ta koyi cinikin da Faransanci, domin Fulatancin da ke buɗe kowace ƙofa a Marwa a can sai a cikin 'yan arewa. Kafin ku tashi kuma a rufe lissafin baya: kuɗin wuta da na ruwan Camwater a biya a ajiye rasit, a ɗauki hoton mita ranar fita, adashin uwargida a san yadda za a ƙarasa zubi, mai kanti da ke bin ku bashi a sallame shi. Ka je ka yi wa mai unguwa da liman da malamin allon yara sallama da bakinka. Idan gidan Domayo naka ne, kada ka sayar a shekarar farko. Ka sa ɗan'uwa a ciki, ka ga yadda shagon zai kama.

Ka tsara yadda kaya za su riga iyali isa da kwana biyu ko uku, kai kana can kana jira. Tirela ba ta shiga lungunan Briqueterie, a bakin babban titi za ta tsaya, sai ka tanadi ƙaramar motar ɗaukar kaya ko masu amalanke tun kafin direba ya kira ka, ka yi ciniki da su kafin su ga yawan kayan a ƙasa. Ka ƙirga lambobin buhunan a gaban direba sannan ka cika masa kuɗinsa. Ka share ɗakunan, ka shimfiɗa katifu, ka ɗaura gidan sauro a kan kowace shimfiɗa, domin zazzaɓin can ba ya jiran damina kamar namu. Ka cika gas, ka sayo ruwa da burodi da shayi, ka gaya wa maƙwabcin da kuka fara sabawa cewa gobe iyali za su iso, don matarsa ta leƙo ta yi musu sannu da zuwa. Da safe ka je tashar jirgi da tasi biyu, ɗaya ba za ta ɗauke ku ba.